Gurasar Wani a Gidan Namfamo

A garinmu Tugga, idan aka ce Namfamo mai gurasa, babu wanda zai tambaya wanne. Tanderunsa na nan a gangaren bayan kasuwa, inda hanya ta karkata ta nufi gidan wanka, kuma tun zamanin kakansa hayaƙin gidan ke tashi kafin zakara ya gama shawarar yin cara. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, wuta ta lashe gashin hannunsa tas, girarsa kuma kullum a haɗe. Ba mugu ba ne. Mabarata sun san ƙofarsa ta baya. Cutarsa ɗaya ce: bai taɓa yarda abu yana nan yadda aka ce masa yake ba.

Idan manomi ya kawo masa alkama, sai ya zura hannu har kafaɗa cikin buhu, ya ɗebo ta can ƙasa, ya tauna, ya dubi manomin, ya sake taunawa. Idan aka yabi gurasarsa, sai ya wuni yana tunanin me mai yabon yake nema. Ranar da aka ce sabuwar rigarsa ta yi masa kyau, bai ƙara sa ta ba. Har jakin da ke juya masa dutsen niƙa yana zarginsa da rage sauri da zarar ya ba shi baya, kuma a wannan kam, tsakani da Allah, yana da gaskiya.

Yadda aka yi irin wannan mutum ya sami mace kamar Arishat, tsofaffin unguwa ba su gama mamaki ba. 'Yar masu gonar zaitun ce daga ƙauyen ƙetaren kwari, doguwa, mai sanyin magana, dariyarta kan fara fitowa ta ido kafin ta iso baki. Kafin ya aure ta sai da ya bi dangi da maƙwabta yana neman aibinta. Bai samu ba. Rashin samun nan ya fi komai tayar masa da hankali, amma ya daure ya aura, yana cewa a ransa ai zama zai tona. Zama ya yi shekara ashirin da ɗoriya bai tona komai ba. Suka haifi 'ya, ta girma ta yi aure a Kartaj. Suka haifi ɗa, zazzaɓi ya ɗauke shi tun bai isa ɗaukar buhu ba.

Bayan mutuwar yaron Arishat ta kwanta, ba ci ba magana. Namfamo ya kai ɗan rago ɗakin gunkin Ba'al, ya kira mai magani, ya zargi mai maganin, ya kira wani. Wadda ta tashe ta a ƙarshe wata tsohuwa ce mai aikin ulu, Sanaye, da mijinta ya daɗe da mutuwa. Kullum takan zo ta zauna a bakin gado da mazarinta, tana kaɗi tana ba da labari ƙasa-ƙasa. Da Arishat ta miƙe, sai ta miƙe a kan sabuwar hanya. Ashe Sanaye Kirista ce.

A lokacin wannan ba abin da ake faɗa da ƙarfi ba ne. Hukumar Rumawa takan manta da Kiristoci shekara da shekaru, sai wata rana wani gwamna ya tashi da ciwon kai ya tuna da su. Ba su da haikali, ba su da gunki, ba a ganin hayaƙin hadayarsu. A gidan mutum suke taruwa da asubar Lahadi, su ja ƙofa. A wurin Namfamo, rufaffiyar ƙofa ita kaɗai ta isa laifi. Amma matarsa ta koma cin abinci, ta koma yi masa tsiya a kan minsharinsa, saboda haka bai hana ba. Sharaɗi kawai ya gindaya.

"Ki je," in ji shi. "Amma duk abin da aka faɗa a can, ki dawo ki juye mini shi a nan gaban akushin kwaɓi. Kada ki rage ko tsaba."

"Maigida, ashe kana son labari?"

"Ni? Ina ruwana da labari. Ke dai ki faɗa."

Dabara ce, kuma ya ji daɗin kansa da ya ƙirƙiro ta. A ganinsa, macen da take zuwa wani wuri dabam ba za ta iya ƙaga sabon labari duk mako ba, dole wata rana ƙafarta ta zame. Shi kuwa yana da kan da ba ya zubar da komai.

Haka aka yi ta yi. Duk Lahadi da hantsi, yana kwaɓin gurasar yamma, ita tana zaune a kan buhun gari, sai ta faɗa masa abin da tsoho Rogatus, dattijon taronsu, ya karanta musu, labaran Almasihu da mutanen da suka bi shi. Namfamo kan juya mata baya don kada a ce yana sauraro, amma hannunsa kan tsaya cak cikin ƙullu idan labari ya zo wurin daɗi. Kuma ba ya barin ko ɗaya ya wuce bai tsoma baki ba. Da ta ba shi na ɗan da ya cinye gadonsa a yawon duniya, ya dawo uban ya yanka masa maraƙi, cewa ya yi, "A duba jakar yaron nan kafin ya kwana. Wani abu ya dawo ɗauka." Da ta ba shi na matar da ta cusa ɗan tsamin ƙullu cikin gari har duk ya tashi, sai ya ce, "Wannan malamin naku ya taɓa tsayawa kusa da akushi." Arishat ba ta taɓa jin ya yabi wani mahaluki haka ba.

Zamewar farko ta zo ne a babban idinsu, lokacin da alkama ke fid da kai. Ta ba shi labarin matan da suka je kabari da sassafe suka tarar da shi a buɗe, ga mutum biyu masu fararen kaya suna yi musu magana.

"Biyu?"

"Biyu."

"Bara ɗaya ne."

"Bara haka aka karanta. Bana kuma haka aka karanta."

"Wato ya je ya kirawo ɗan'uwansa."

Ta yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ɗauki maganar ya adana a inda yake adana irinta.

Wanda ya riƙa zuba wa abin ruwa shi ne abokinsa Miggin mai man zaitun, da rumfarsa ke kallon tasa. Miggin bai taɓa leƙa taron Kiristoci ba, don haka babu abin da bai sani ba game da su.

"Mutumina, ka san kowa a can ɗan'uwa ne da 'yar'uwa? Har sumbatar juna suke yi, wai gaisuwar salama."

"Wa ya gaya maka?"

"Kowa ya sani. Kuma in an gama karatun sai a kori baƙi, a sa sakata, a ci wani abu. Tambaye ta abin da ake ci, ka ga ko za ta faɗa."

"Kai dai ka ji da manka da ka sirka da na bara."

"Ni dai na faɗa. Tawa matar ba ta fita da asuba."

"Taka matar ko da hantsi tashi take yi?"

Da yake Miggin ɗin ma bai yarda da shi ba, maganar ta tsaya nan. Sai wata safiya ya bar tanderu ya koma ɗaki neman wuƙarsa. Tun daga bakin labule ya hango Arishat durƙushe gaban akwatin kayanta. Ta ciro wata 'yar batta ta itace da ba ta fi tafin hannu ba, ta buɗe, ta gutsuri wani abu ta sa a baki, idonta a rufe. Ta daɗe a haka. Sannan ta mayar da battar can ƙarƙashin zannuwa. Ko ruwa ba ta sha ba tukuna a ranar.

Ya ja da baya a hankali, ya manta da wuƙar. Ya jira sai da ta ɗauki tulu ta tafi ɗibar ruwa, ya shiga ya tono battar. Ya shirya ganin guba. Ya shirya ganin laya, ko gashin kansa da aka ƙulle da zare. Ya buɗe.

Gurasa ce. Ɗan gutsure, ya fara bushewa.

Ya shinshina, ya juya, ya murza tsakanin yatsu. Ba tasa ba ce. Masu tanderu a Tugga ba su da yawa, kuma ya san hannun kowa kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Ga ɓawon nan mai kauri da ƙonewa ta gefe guda. Ga dusar sha'ir da aka sirka. Ga gishirin da aka yi wa rowa. Iddibal.

Iddibal na ƙofar tudu. Dogo, matarsa ta mutu, yana shafa turare a gemu, yana waƙa a gaban tanderu kamar wanda ba shi da aikin yi. Namfamo ya zauna a bakin gado da battar a hannu. A gidansa, gidan da manyan gari ke aiko bayi su yi layi, matarsa tana ɓoye gutsuren Iddibal cikin zannuwanta tana ci da rufaffen ido. Da za a tsare shi a lokacin a ce ya faɗi wanne ya fi masa ciwo, mutumin ko gurasar, da bai iya rabewa ba.

Ya mayar da battar yadda ya same ta. Bai ce komai ba sai Lahadi.

Ta dawo, ta hau buhunta. Labarin ranar na taron mutane ne a jeji, yunwa ta kama su, Almasihu ya karɓi gurasa bakwai da 'yan kifaye ya ciyar da su duka, har aka kwashe ragowa.

Namfamo ya zare hannunsa daga ƙullu, ya goge a hankali, yatsa bayan yatsa.

"Gurasa nawa?"

"Bakwai."

"Da sanyin nan da ya wuce biyar kika ce. Kwandon ragowa goma sha biyu. Yau kwando nawa?"

"Bakwai."

"Arishat. Mutum ɗaya a kabari ya zama biyu, na yi shiru, ba sana'ata ba ce. Amma gurasa? A gabana? Ki rasa inda za ki yi ƙarya sai a kan gurasa?"

"Haba maigida, wace irin ƙarya kuma?"

"Babu wani taron da kike zuwa! Ƙofar tudu kike zuwa. Can ake haɗa miki labarin, can ake ba ki guzuri. Na ga battar."

Ya zaci za ta yi kuka, ko ta hau musu. Sai ta miƙe tsaye, fuskarta ta sake.

"Ka buɗe?"

"Na buɗe."

"Ka ci?"

"In ci? Abin Iddibal? Ko jakina ba zan ba shi ba."

Ta sauke ajiyar zuciya mai nauyi. Wannan ajiyar zuciyar ita ta gama da shi, don a ganinsa babu shaidar da ta fi ta.

"To faɗa mini. Mene ne?"

"Ba a faɗa wa wanda ba a yi masa baftisma ba. Ranar da aka tsoma ni a ruwan nan na ɗauki alkawari."

"Au! Ni mijinki, a gidana, akwai abin da ba a faɗa mini." Ya nuna mata ƙofa. "Ɗaure kayanki. In masu kawo wa Miggin mai suka zo daga ƙauyenku, ki bi su gidan yayanki."

"Zan ɗaure," in ji ta. "Amma kai da ba ka yarda da bakin kowa ba, me ya hana ka je ka ji da kunnenka? Ba a hana mai sauraro shiga."

Da yamma kuwa ta ɗaure kayan nata tamau, ta ajiye ƙunshin a bakin ƙofa inda dole sai ya ratse shi. Gayyatar tata ya tabbata tarko ce. Dalilin da ya sa ya je ke nan, da Lahadi ta zagayo.

A gidan Sanaye ake taron, a ɗakin da take shanya ulu, warin tumaki ko'ina. Bakin ƙofa akwai tebur inda kowa ke ajiye abin da ya zo da shi, amma Namfamo bai dubi teburin ba, fuskoki yake bi. Duk ya san su. Ga majemin bakin rafi, ga bawan alƙali da ke zuwa masa kowace safiya, ga mata masu wankau, ga wani tsohon soja mai ɗingishi. Babu Iddibal. An tsegunta masa, in ji shi a ransa. Ya ɗan leƙa bayan tarin ulu, don kada a ce bai duba ba.

Rogatus ɗan tsoho ne ƙanƙani, haƙoransa sun kusa ƙarewa, yana karatu da yatsa a kan layi. Na makaho ne ya karanta, wanda ya zauna a bakin hanya yana kira ana kwaɓarsa. Namfamo ya san labarin, an ba shi a gaban akushi. Abin da ba a ba shi ba shi ne yadda leɓunan mutane ke motsi tare da na tsohon, kowa ya haddace, amma da aka zo inda idon ya buɗe, sai wata mai wankau ta dafe ƙirji ta ce "Madalla!" kamar yanzu saƙon ya iso gari. Ya dube ta da kyau ko da gangan take yi. Hawaye ne a idonta.

Da tsohon ya rufe littafin, Namfamo ya miƙe. Arishat ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Baba, ina da tambaya."

"Maigidan Arishat ne, ko? Sannu da zuwa, ɗana. Tambayi."

"Gurasar nan ta jeji. Biyar ce ko bakwai?"

Sai fuskar Rogatus ta washe har aka ga dasashinsa.

"Kun ji? Kun dai ji? Tun gemuna na baƙi nake karanta muku, babu wanda ya taɓa tambaya. Ku kuna gyangyaɗi, mutumin da bai taɓa zuwa ba yana riƙe da ƙirga! Duka biyun suna nan, ɗana. Sau biyu aka yi abin. Yunwa ai ba sau ɗaya take kama mutane ba. Zo ka gani."

Namfamo bai iya karatu ba, amma ya je ya ƙura wa wuraren biyu ido sosai, don kada a cuce shi.

"To na kabari fa? Ɗaya ko biyu?"

"Wannan kuwa, wani ya rubuta ɗaya, wani ya rubuta biyu. Mu yadda muka karɓa haka muke karantawa, ba mu gyara wa kowa bakinsa ba. Kana nan ranar da rufin gidan wanka ya rufta?"

"A gabana aka yi."

"Mutum nawa suka fito a guje ba zane?"

"Uku."

"Biyar ne!" in ji majemi daga baya.

"Huɗu ne," in ji tsohon sojan. "Ni ne na huɗun. Kuma ni da ƙwarya a gabana, a daina haɗa ni da su."

Ɗakin ya tuntsire da dariya, har mayafin Arishat yana girgiza. Namfamo ya koma ya zauna. Ba wai ya yarda ba. Amma akwai abin da ya sani tun yana saurayi: in manoma biyu suka ba ka dalilin jiƙewar alkama kalma bisa kalma, babu inda suka saɓa, to a hanya suka tsara shi. Labarin da ya zo da ɗan karkace ya fi mai sumul kama da wanda aka gani da ido. Abin ya ba shi haushi ƙwarai, don ma'anarsa matar nan tasa nan ɗin take zuwa.

Sai majemi ya miƙe ya ɗaga murya. "Masu sauraro, a fita da salama."

To, ga korar baƙin da Miggin ya faɗa. Namfamo ya bi 'yan tsirarun da suka tashi. A bakin ƙofa ne idonsa ya faɗa kan teburin. Ga tulun ruwan inabi, ga cuku, ga ɓaure, ga kuma gurasar Iddibal guda sukutum, da ƙonewarta ta gefe, zaune kamar 'yar gida.

"Wa ya kawo wannan?" ya tambayi Sanaye, wadda ke riƙe da ƙyaure tana jiran ya wuce.

"Ni. Katanga ɗaya ce tsakanina da tanderunsa. Ƙafafun nan nawa ba sa kai ni gangare."

"Shi fa? Yaushe yake zuwa?"

"Wa, Iddibal? Wanda ke bin gari yana cewa jarirai muke ci? Ko inuwar ƙofar nan ba ya takawa. Ɗana, fita mana, ana jiranka."

Bai motsa ba, don ya ga wani abu a gefen gurasar. 'Yar ƙwarya ce mai ɓallin baki, ta gidansa, cike da zaitun. Abin da matarsa ta kawo ke nan.

Aka tura shi waje da ladabi, aka sa sakata. Ya zauna a dakali yana jin waƙa tana fitowa ta ƙasan ƙofa. Zargin da ya zo da shi ya mutu murus. Amma Namfamo ba ya iya zama ba zargi, kafin a buɗe ƙofa sabo ya tsiro har ya yi ganye.

Suna gangarowa gida, sai da suka wuce kasuwa sannan ya yi magana.

"Zaitun."

"Na'am?"

"Matar Namfamo mai gurasa tana kai zaitun. Me gurasata ta yi musu? Wa ya ce ba ta da kyau? Tsohon nan ne marar haƙori?"

"Babu wanda ya ce."

"To me?"

Ta tsaya a tsakiyar hanya. "Kullum kafin ka gasa komai, ina gutsuren ƙullun farko yake zuwa?"

"Wuta. Rabon gunkin tanderu ne. Tun kakana."

"Kuma kowace gurasa sai ka danna mata hatiminsa. Abin da aka riga aka ba gunki ba ya hawa teburin nan, maigida. Wannan ba asiri ba ne, shi kam zan iya faɗa."

"Ta Iddibal fa, ta yaya ta hau?"

"Mutumin da gishiri ma bai iya sakinsa ba, shi zai ba gunki ƙullu? Nasa gunkin an ce ya sayar tun tuni." Ta gyara mayafi. "Kana tsammani ban ji kunya ba? Duk Lahadi in fito daga gidan da ya fi ko'ina ƙamshi a garin nan, da ƙwaryar zaitun a hannu. Kafin ta hau teburin nan gurasar Iddibal ce, kuma ni ma ina da harshe."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Da na faɗa, da ka yarda?"

Ya wuce gaba abinsa. Ta bi shi har gida.

Makon nan bai ce a kwance kayan ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ƙunshin yana nan a bakin ƙofa, kullum sai ya ratse shi. Yawancin lokacinsa gunkin yake kallo. Ɗan abu ne na yumɓu a wani lungu sama da bakin tanderu, hayaƙin shekaru ya baƙanta shi har ba a gane namiji ne ko mace. Kakansa ya ce duk ranar da aka gasa abu ba a ba shi rabonsa ba, tanderu zai tsage. Namfamo bai yarda da kakan nasa a kan abubuwa da yawa ba, amma wannan bai taɓa gwadawa ba. Yanzu kuma sai yake ganin kamar gunkin ma kallonsa yake yi.

Ran Asabar masu kawo mai suka iso da jakunansu, suka sauka a wurin Miggin, washegari za su juya. Miggin, da ya yi mako yana hango shi yana kallon gunkin, ya ƙetaro hanya yana goge hannu.

"Mutumina, mace dai ana samun wata. Tanderu fa?"

"Wa ya tambaye ka?"

"Fuskarka."

"Koma ka kula da baƙinka, kafin su gane da me kake auna musu."

Da asubar Lahadi ya kwaɓa ƙullunsa kamar kullum. Ya gutsuro rabon gunkin, babba, irin na ranar idi, ya jefa a wuta.

"Ci, ranka ya daɗe," in ji shi. "Ci ka ƙoshi."

Ya ɗan jira. Sannan ya ɗauki ƙyallen da yake rufe ƙullu da shi, ya yi ɗage, ya lulluɓe gunkin tun daga kai har ƙafa.

"Hayaƙi ya yi yawa yau. Kada ya shiga maka ido."

Ya ɗauko sabon akushi, ya kwance buhun da ba a taɓa ba, ya kwaɓa ɗan ƙullu a hankali kamar ɓarawo a gidan kansa. Gishiri kam bai yi masa rowa ba. Bai gutsura wa kowa ba, bai danna hatimi ba. Ya tura gurasar cikin tanderu, ya tsuguna yana bin bangon tanderun da ido, duk ƙarar da itace ya yi sai gabansa ya faɗi. Da ta fito, fuskarta sumul babu alama, sai ya ga kamar tsirara take, ya yi maza ya naɗe ta a tsumma.

Arishat ta fito da ƙwaryar zaitunta. Ya karɓe ƙwaryar ya ajiye a kan buhu, ya ɗora mata ƙunshin mai zafi a hannu. Ta buɗe gefe ta duba. Ta dubi lungun da ke sama da tanderu. Dariya ta fara fitowa ta idonta, amma ta danne.

"Kada ki ce ni na yi."

"Akwai wanda bai san hannunka ba a garin nan?"

"Kuma ki sa ido a kan mai rabawa. Majemin nan ban yarda da hannunsa ba."

Ta juya wajen ƙofa, inda kayanta suke. "Masu mai suna ɗaura wa jakuna kaya."

"Su yi ta ɗaurawa. In kin dawo ki kwance tarkacen nan, kullum sai na yi tuntuɓe da su."

Namfamo bai taɓa shiga ruwan nan nasu ba har ya tsufa. Yakan je dai wata Lahadin ya zauna a baya, wai ko zai kama Rogatus da wani saɓanin, kuma in aka ce masu sauraro su fita, shi ne na farko a dakali. Abin da ake yi da gurasarsa a bayan sakata bai taɓa ji ba, sai dai yana da zato iri-iri, kowanne ya fi na baya muni, kuma bai fasa gasawa ba ko mako ɗaya.

Tanderun kuwa ya tsage, bayan shekaru, a wani sanyi mai tsanani. Namfamo ya daɗe a tsaye yana duban tsagar. Ya dubi gunkin. Ya dubi matarsa, wadda furfura ta gama rufe wa kai, tana tsaye a bayansa. Sai ya ɗaura ɗamara, ya ɗauki sandarsa, ya tafi neman maginin da ya yi masa gyaran ƙarshe.